Fayil ɗin 'yan albasar Mile 12

Litinin, 15 ga Janairu, 2024

Yau shugabar sashenmu ta sa hannu aka buɗe fayil. Tun da aka rantsar da ni lauya a 2018 aikin wasu nake tayawa, wannan ne na farko da zan riƙe da sunana daga tushe, kuma ta hannuna masu shi suka zo. Su bakwai ne, 'yan albasa a kasuwar Mile 12, yawancinsu mutanen Aliero da Jega. Sun daɗe suna haɗa kuɗi su ɗauki hayar mota daga Kebbi zuwa Legas. Yanzu kuɗin haya ya kai musu iya wuya, suna son tirela biyu tasu ta kansu. Sun je wani banki marar kuɗin ruwa, aka ce su dawo da kamfani mai rajista, da lissafi a rubuce, da abin jingina. Kawuna na Agege ne ya ce musu ai ga 'yarsa tana wannan aikin.

Hanyar da suka zo tana da muhimmanci, domin ƙa'idar aikinmu ta hana lauya yawon neman masu shari'a ko sa 'yan kamasho su jawo masa mutane. Sabuwar ƙa'idar da ta fara aiki ranar 1 ga wannan watan kuma ta ƙara ɗora mana nauyin sanin wanda muke yi wa aiki da inda kuɗinsa ya fito. Saboda haka makon nan duk na tantancewa ne: katin shaida, adireshi, sai duba ko ofishinmu yana wakiltar wani da ke da rikici da su.

A nan ana rubuta lokacin aiki ne minti shida-shida, a kansa ake cajin manyan kamfanoni. Da na kai wa Alhazan nan lissafin awa, da tuni sun tashi. Mun tsayar da kuɗi dunƙule, a biya kashi uku. Shugaba ta amince, amma ta ce in ci gaba da rubuta awannina daidai, tana so ta ga abin da aikin zai ci.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Zaman farko a kasuwa, a rumfar dattijonsu. Ni na nemi a yi shi can, don a ɗakin taronmu na Victoria Island mutum biyu kawai suka buɗe baki, sauran sai kallon tebur.

Malamin da ke riƙe musu lissafi ya fito da littattafai daga cikin leda, irin na 'yan makaranta, an ɗaure su da roba. Sunaye da ajami, adadi da boko. Kowane lodi da shafinsa: buhu nawa na wane, kuɗin mota, kuɗin 'yan dako, la'adar dillali, abin da aka kashe a hanya daga Yawuri zuwa Kwantagora, Mokwa, Jebba har Ibadan, da buhunan da suka ruɓe kafin a sauke. Inda aka biya bashi sai ya ja layi da jan biro, bai taɓa yage shafi ba. Na sha ganin lissafin kamfanoni masu hawa goma da bai kai wannan tsabta ba, kuma na gaya masa haka a gaban kowa.

Dattijon ya ce, "Barista, mu fa shekaru muke tare babu takarda, ko sisin wani bai taɓa ciwo ba. Kada takardarki ta shigo mana da zargi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, takardar ba don ku bakwai ba ce. Don banki ce, da kuma waɗanda za su zo bayanku."

Malamin ne ya ƙarasa min, ya tuna musu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu. Daga nan magana ta koma kan abin da ya fi damun su, wato haraji. Ban ɓoye musu komai ba. A dokar da ke aiki a 2024, kamfanin da cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba, ba ya biyan harajin riba. Daga nan zuwa ƙasa da miliyan 100 kashi 20 ne cikin ɗari na ribar, sama da haka kashi 30. Su kuwa cinikinsu ya haura. Na bayyana cewa a kan riba ake yankewa, bayan an cire man mota da gyara da albashin direba, shi ya sa rasit zai zama abin adanawa. Biyu daga cikinsu fuskarsu ba ta sake ba har muka tashi. Gara su ji yanzu daga bakina.

Talata, 20 ga Fabrairu

Rajista ta tsaya a kan sunaye. Shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, yana karɓar suna ne yadda yake a lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN, mutum uku kuwa abin da ke NIN daban, na lambar banki, BVN, daban: nan Muhammadu, can Mohammed, wani an sa sunan garinsu a gurbin na mahaifi. Sai an gyara. An haɗa ni da wani matashi ɗan Gombe mai hidimar ƙasa, shi ke raka su. Yaron yana da haƙuri da manya, kuma yana rubuta duk abin da aka ce.

Naira ta faɗi warwas a watan nan, dillalin motoci ya janye farashin da ya ba su, ya ce kowane sabon farashi na mako guda ne. Ga gyaran gadar Third Mainland da aka fara tun Janairu, sai na fita daga Agege da duhun asuba in yi salla a ofis.

Asabar, 16 ga Maris

Azumi ya kama tun Litinin. Mun zauna da hantsi kan yarjejeniyar masu hannun jari, wadda a wurina ita ce zuciyar aikin. Rajista kowa yana iya yi. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa ta ƙwarai: mutum ɗaya ma yana iya kafa kamfani, mafi ƙarancin jari naira 100,000, hatimi ba dole ba ne. Abin da ke wargaza irin wannan haɗaka shi ne tambayoyin da ake jin nauyin yi tun farko.

Na jero musu su ɗaya bayan ɗaya. Wa zai sa hannu a asusu? Suka ce dattijo. Na ba da shawarar mutum biyu cikin uku, don ranar da ya tafi Umara ko ya kwanta rashin lafiya kada mota ta tsaya babu mai. Idan lodin wani da na wani suka haɗu rana ɗaya, wa za a fara ɗauka? Nan aka ɗan ɗaga murya, har aka tsaya kan jerin layi da Malam zai riƙe, kuma kowa ya biya kamfani kuɗin mota ko da shi mai kaso ne. Wannan ya yi musu nauyi, mutum ya biya haya a motarsa. Amma da wannan kuɗin za a biya banki, in ba haka ba mai lodi da yawa zai ci gumin mai lodi kaɗan. Idan wani yana so ya fita? Sashe na 22 na dokar ya ba da dama a rubuta cewa sai an fara yi wa 'yan ciki tayi kafin bare, kuma ba za a sayar da fiye da rabin kadarar kamfani ba sai da yardar kowa. Duka biyun muka sa.

Sai maganar mutuwa. Na daɗe ina tunanin yadda zan ɗauko ta, ashe su ma tana ransu. Ƙaramin cikinsu ya ce, "Hajiya Barista, in na faɗi yau, 'ya'yana ƙanana ne, matana biyu suna gida. Wa zai tsaya musu a nan?" Wani ya ce shi zai rubuta wasiyya a ba babban ɗansa kasonsa. Malam ya girgiza kai, ni ma na ce ba za ta yiwu ba: babu wasiyya ga magaji, wadda ta halatta ma ba ta wuce sulusi. Hannun jari dukiya ce kamar gona, rabon gado zai bi ta kansa. A ɓangaren dokar ƙasa kuma, kamfani ba ya sauraron kowa sai wanda kotu ta ba takardar kula da dukiyar mamaci, ita kuwa tana ɗaukar watanni. Abin da muka tsara shi ne: ribar mamaci za a ci gaba da ware ta a ajiye, magada su zaɓi wakili guda da zai yi magana da yawunsu, in kuma sun fi son kuɗi, akanta mai zaman kansa ya ƙiyasta kason, 'yan ciki su saya su biya a cikin lokacin da aka yanke. Na nace a rubuta cewa ba za a ƙiyasta da farashin ranar da aka kafa kamfani ba, sai da na ranar rasuwa. Marayu ne suka fi cutuwa a irin wannan wurin, kuma sau da yawa ba da mugun nufi ba, sai don babu wanda ya san ainihin kason ubansu.

Rikici kuma, matakin farko dattawan kasuwa uku da aka ambata da muƙaminsu. In ya gagara, sai cibiyar sasanci ta babbar kotun Legas da ke aiki tun 2002, sannan mai yanke hukunci da ɓangarorin suka zaɓa, bisa dokar sasanci ta 2023. Kotu ita ce ta ƙarshe.

Na karanta musu kowane sashe da Hausa, ɗan hidimar ƙasa yana rubuta gyare-gyare. Ba wanda zai sa hannu kan abin da bai ji da kunnensa ba.

Alhamis, 28 ga Maris

Takardar rajista ta fito. Dukansu bakwai an bayyana su a matsayin masu iko da kamfani, tunda doka ta ce duk mai kashi 5 cikin ɗari ko fiye sai an bayyana shi. Na biya kuɗin lasisin aikina na bana kafin wa'adin 31 ga wata, na kuma tuna wa ɗan hidimar ƙasa ya biya nasa.

Litinin, 22 ga Afrilu

Takardun banki sun iso bayan Salla. Murabaha ce: banki ya sayi mota da kuɗinsa, ta zama tasa, sannan ya sayar wa kamfani a kan farashin da ya saya da ribar da ya faɗa a fili, a biya kaɗan-kaɗan. Da zarar an ƙulla, farashi ba ya motsi. A shekarar da Babban Banki ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa zuwa kashi 24.75 cikin ɗari a watan jiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan kasuwa.

Wuri uku na tsaya. Na farko, jerin ciniki. A daftarin da aka aiko, kamfani zai sa hannu kan sayen motocin rana ɗaya da alƙawarin saye, tun banki bai mallake su ba. Ba a sayar da abin da ba a mallaka ba, kuma duk abin da ya sami mota kafin a miƙa ta, asarar banki ce. Na nemi a raba takardun: alƙawari yanzu, ciniki bayan banki ya karɓi motoci. Na biyu, tarar jinkiri: na nemi a rubuta ƙarara cewa sadaka za a yi da ita, ba ta shiga ribar banki. Na uku, lokacin biya. Sun sa adadi ɗaya kowane wata, alhali albasa tana da kaka tana da rani. Na roƙi a karkata nauyin biya zuwa watannin da lodi ya fi yawa. Biyun farko lauyan bankin ya karɓa nan take, ya ce kwamitin malamansu ma haka zai ce. Na ukun sai an kai sama.

Jami'ar Ahmadu Bello ta koya min fiƙihun ciniki tare da dokar ƙasa, a makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda kuma aka koya min tsara takarda. Shekaru ina ganin kamar na farkon ba shi da kasuwa a Legas. Ga shi yau manyan lauyoyi biyu sun shigo ofishina suna tambayar bambancin murabaha da ijara, wato haya. Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, na naira biliyan 100 a 2017, ga bankunan TAJ da Lotus, aikin yana ƙaruwa, masu iya shi ta fuska biyun kuwa ba su da yawa. Ƙannena da ke karanta shari'a a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, kada ku yi wasa da wannan darasin.

Litinin, 3 ga Yuni

Yajin aikin ƙungiyar ƙwadago, babu wuta, daga gida nake aiki. Watan Mayu ya yi min tsanani. An saka ni a wani babban ciniki, wani kamfanin waje zai sayi masana'anta, mu ke binciken takardunta: filaye da izinin gwamna bisa dokar filaye ta 1978, basussuka, shari'o'in da ke kotu, kwantiragin ma'aikata. Sai dare ya raba muke tashi. Fayil ɗin albasa a Asabar da Lahadi nake taɓa shi.

Ranar Juma'a shugaba ta kira ni da takardar awannina a gabanta. Awannin da 'yan albasa suka ci sun ninka abin da suka biya. Ta faɗi haka ba tare da faɗa ba, ta ce a ƙarshen shekara masu ofis lamba suke dubawa. Gaskiya ta faɗa. Matakan nan a bayyane suke: ƙaramin lauya, babban lauya, sannan mai kaso a ofis. Na farko ana auna shi da ƙwazo da tsabtar aiki, na biyu da iya riƙe fayil da horar da na ƙasa, na uku da mutanen da yake kawowa. Mu da ba ma yawan tsayawa gaban alƙali, lambar girma ta manyan lauyoyi, SAN, ba ita ce hanyarmu ba, don ita ana neman shekara goma da tarin shari'o'in da mutum ya yi. Tamu hanyar ita ce a san ka da wani fanni, a kuma san mutanenka.

Na ce mata yawancin awannin na gina samfuri ne: yarjejeniyar masu hannun jari da ta dace da gadon Musulunci, jerin abin dubawa a murabaha, bayanin Hausa na kowane sashe. Wanda zai zo na biyu ba zai ci rabin wannan ba. Na kuma ce abincin da Legas ke ci, daga tumatir da tattasai na Mile 12 zuwa shanun Oko-Oba da ragunan Alaba Rago, a hannun mutanen nan yake, kuma kusan babu ofishi irin namu da ya taɓa zama da su. Ta ce in rubuto mata wannan a shafi biyu, da lissafi, kafin Oktoba.

Alhamis, 27 ga Yuni

An sa hannu. Banki ya yarda da biya mai hawa da sauka. Sai da jami'insu ya karɓi makullai da takardun kwastan daga dillali a Apapa, aka rubuta lokacin, sannan aka ƙulla ciniki da kamfani. Inshorar Musulunci, takaful, ta fara aiki daga wannan ranar.

Dattijon ya zo da babbar riga fara. Da aka miƙa masa biro sai ya ajiye, ya ce, "'Yata, sake karanta min wurin da ya ce in mun gaza biya." Na karanta: sanarwa a rubuce, wa'adin gyara, sannan banki ya karɓi mota ya sayar, ya ɗauki abin da ya rage masa, rarar ta dawo wa kamfani. Ya tambaya ko gidansa na Aliero yana ciki. Na ce ba ya ciki, lamunin da daraktoci suka tsaya an yi masa iyaka da adadi, na nuna masa adadin da yatsa. Ya yi bisimilla, ya rubuta sunansa da ajami a hankali.

Juma'a, 19 ga Yuli

An yi wa jinginar rajista a CAC. Doka ta ba da kwana 90, in ya wuce jinginar ba ta da ƙarfi a kan sauran masu bin bashi. Kuɗin rajistar ba ya wuce kashi 0.35 cikin ɗari. An kuma shigar da motocin a rajistar jinginar kadarori masu motsi da ke ƙarƙashin Babban Banki, bisa dokar 2017. Ɗan hidimar ƙasa ne ya yi duka, ni dubawa kawai na yi. Na rubuta wa shugaba cewa a riƙe shi in ya gama.

Abin da ya rage mai wuya shi ne raba aljihu. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ciniki ya koma tura kuɗi ta waya, kuma har yanzu wasu masu saye asusun Alhazai na kansu suke turawa. Cinikin kamfanin ya wuce naira miliyan 120 da doka ta sa wa ƙaramin kamfani, don haka dole a sami mai binciken lissafi da sakatare. Mun ɗauko wani akanta da zai riƙa zama da Malam duk ƙarshen wata.

Alhamis, 12 ga Satumba

Yarjejeniya ta sha gwajin farko. Ɗaya daga cikinsu zai koma gida ya kula da mahaifiyarsa, ya kuma riga ya yi wa wani ɗan kasuwar Onitsha alƙawarin kasonsa a farashi mai tsoka. Sauran suka ji a bakin mutane, rai ya ɓaci. Dattijon ya kira ni da dare, na ce kada kowa ya yi magana sai an buɗe sashe na tara na yarjejeniyar.

An zauna gaban dattawan kasuwa. Mai fita ya ce bai san sai ya fara yi wa 'yan ciki tayi a rubuce ba, Malam ya buɗe bayanin Hausa ya nuna masa inda ya sa hannu. Ni kuma na tsaya masa a kan farashi, domin sashen bai ba su damar saye da arha ba: ko su biya abin da baƙon ya taya, ko su bar shi ya sayar. Wannan bai yi wa wasu daɗi ba, suna ganin ni lauyarsu ce. Na ce ni lauyar kamfani ce, shi ma har yau ɗan kamfani ne. Mutum uku suka haɗa suka saya. Za a sanar da CAC canjin.

Asabar, 19 ga Oktoba

An biya banki kashi uku, babu jinkiri. Mota ɗaya ta kwana biyu a Mokwa da matsalar giya, kuɗin gyara daga asusun kamfani ya fita, da rasit.

Na miƙa shafi biyun. A ciki na nemi a ware ƙaramin sashe na 'yan kasuwar abinci da dabbobi da kuɗin da babu ruwa, da farashi dunƙule, da lauya ɗaya mai jin Hausa bayan ni. Masu ofis za su duba a zamansu na Disamba, lokacin da ake duba ƙarin matsayi. Kafin nan wasu dillalan raguna daga Alaba Rago sun aiko ta hannun dattijon, suna son zama ranar Asabar mai zuwa, sai wata Hajiya mai kawo busasshen kifi daga Maiduguri da ke son raba dukiyarta da ta ƙannenta a rubuce. An fara tantance su.

Jirgin ƙasa na jan layi ya fara ɗaukar fasinja ranar Talata, daga Agege ina sauka Oyingbo in ƙarasa da mota. Aikin mako mai zuwa: takardar canjin masu hannun jari, zama da akanta kan lissafin wata shida, da tsayar da ranar taron shekara na farko, wanda doka ta ce a yi cikin wata 18 da rajista.